Fensirin Kawu da Turmin Inna

Ranar zaman makokin Kawu, tun daga ƙofar bene takalma suka fara jeruwa, suka hau matakala har hawa na huɗu. Mai gadin benen, wani dattijo Bamisire da suka yi shekaru suna faɗa da Kawu a kan famfon ruwa, shi ya fi kowa kuka. Yana zaune a kan bencinsa yana share fuska da hannun jallabiya, duk wanda ya shigo sai ya tare shi ya ce, "To ni yanzu da wa zan yi faɗa?"

Dattawan Sudan na unguwar Hayyin Ashir, a nan Alƙahira, sun zo da fararen rawunansu, kowa ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga hannu an yi Fatiha kafin ya zauna. Ɗalibanmu 'yan Najeriya sun taho daga unguwar Hayyus Sabi', suka raba izu-izu suka sauke masa Alƙur'ani kafin la'asar. Duk wannan mun san za a yi. Abin da ba mu shirya masa ba shi ne matan da suka fara hawowa bayan azahar, ɗaya bayan ɗaya, mutanen unguwa ba su san ko ɗaya a cikinsu ba. Akwai mai mayafi har ƙasa, akwai mai gicciye a wuya, akwai wadda ta aske gefen kanta. Kusan kowace tana ɗauke da akwatin kayan kiɗa, don daga wurin aiki suka ji labari suka taho. Suka jingine akwatunan a lungun matakala kusa da takalma. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta ga mafi girma a ciki, baƙi, tsawonsa ya kusa na mutum, sai ta dafe ƙirji ta tambaya ko wani aka sake rasawa.

Inna, matar Kawu, tana ɗakin ciki a kan tabarma, cikin farin tufafin da matan Sudan ke zaman takaba da shi. Ana shigowa ana ce mata ya haƙuri, tana cewa da godiya. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Sai da ɗakin ya ɗan sarara ta jawo ni kusa, ta ce a hankali, "Kashi uku ya gama rubutawa. Ya tafi ya bar ni da na huɗu a ka."

Ga abin da take nufi. Wata gidauniya a nan Alƙahira ta ba Inna aikin tsara sabon kiɗa mai kashi huɗu, wanda za a kaɗa a gaban jama'a da sunanta. Ta haura shekara sittin tana ƙirƙirar waƙa, amma ba a taɓa rubuta sunanta a jikin ko ɗaya ba. Ita ba ta iya rubutun kiɗa ba, wanda makaɗa ke kira nota, Kawu ne hannunta. Wa'adin miƙa aikin kuwa zai cika tana tsakiyar takaba, kuma in ba a miƙa shi cikakke ba, wani za a ba wurinta. Wannan ne ya tsaya mana a rai a makokin nan. Yadda ya ƙare shi ya sa na zauna rubuta wannan, don 'ya'yanmu su san irin mutumin da muka rasa.

Kawu ba ɗan ɗakin su mahaifiyata ba ne. Kakanninsu ne wa da ƙane. Wan ya tsaya a ƙasar Haɗeja, ƙanen ya kama hanyar Makka a ƙasa, ya yada zango a bakin kogi a Sudan, zangon ya zama gida. Da na sami gurbin karatun Shari'a a Masar, mahaifiyata ta ce in nemi Kawu ko a ina yake. Ranar da na ƙwanƙwasa ƙofarsa shi ya buɗe, gajere, baƙi, da rawani ya fi kansa girma da guntun fensir a soke a jikin rawanin. Ya tambayi sunana, na faɗa, sai ya ja da baya ya ce, "Ashe uwata ce ta dawo." Sunan mahaifiyarsa ne nake ɗauke da shi. Daga ranar bai ƙara kirana da komai ba sai Uwata. Inna ta leƙo daga kicin ta ce, "To, uwar miji ta iso, sai mu shiga taitayinmu."

Kawu makaɗin kamanja ne, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu. Ya yi ƙuruciyarsa yana kaɗa wa mawaƙan Omdurman a Sudan, ya zo Alƙahira naɗar faifai tun kafin a haife ni, ya zauna. Ni kuwa ga ni ɗalibar Shari'a, kai cike da babin abin da ya halatta da wanda bai halatta ba. Bai taɓa jana da musu ba. Ya kan ce, "Uwata, ke ki yi ta karatu, ni in yi ta kaɗawa, in an je can kowa ya yi bayanin nasa." Da an kira salla kuwa sai ya kwantar da kamanjar ko a tsakiyar waƙa ne, kuma da wuya ka riga shi sahun gaba.

Yana da tambayoyi biyu da duk wanda ya zauna da shi ya haddace. In an ajiye tire, ba ya sa hannu sai ya ce, "Wa bai ci ba?" Sau da yawa amsar ita ce mai gadin nan abokin faɗansa, sai a zuba a kwano a sauka masa da shi, haɗe da saƙon cewa ruwa bai hau ba yau ma. In kuwa hira ake yi, ya kan bar masu baki su gaji, sannan ya waiwaya ya ce, "Wa ba mu ji ba?" Mai kunya ya shiga uku a falon Kawu, don sai ya yi magana za a tashi.

Da wannan tambaya ta biyu ya shiga kwamitin gidauniyar. Ofishinsu yana Wustul Balad, wato tsakiyar birni, a wani tsohon bene mai lif da ke aiki ranar da ya ga dama. Duk shekara suna zaɓar mutane kaɗan su ba su minha, kalmar da mu ɗalibai ke kiran tallafin karatunmu da ita, don su tsara sabon kiɗa na 'yar ƙaramar ƙungiya, makaɗa huɗu ko biyar, ba lasifika, ba rawa, jama'a su zauna shiru su saurara. Kawu yana ce masa kiɗan ɗaki. Gidauniya ke biyan mai tsarawa, ta biya makaɗa, ta kama zauren da za a yi. Da aka gayyace shi kwamiti ya dawo gida yana dariya, ya ce, "An sa ni ne don rawanina ya fito a hoto. Ba su san rawanin da baki ya zo ba."

Bai daɗe ba ya lura cewa waɗanda ake zaɓa duk kusan mutum ɗaya ne. Maza ne, makaranta ɗaya suka yi, malamai ɗaya suka koyar da su, har unguwanninsu kusa suke da juna. Ba mugunta ba ce ta kawo haka. Inda ake manna sanarwa su kaɗai ke wucewa ta wurin, kuma doka ta ce sai wanda ya kawo aikinsa a rubuce da nota. Shugaban kwamitin wani dogon malamin kiɗa ne da kowa ke kira Duktur, mutum mai gaskiya da taurin kai daidai da na Kawu. Na sha zama a wajen ofishin ina jiran Kawu ina jiyo su.

"Ya Hajj, mu fa ba sadaka muke rabawa ba," in ji Duktur. "Kiɗa mai kyau muke nema."

"Ni ma shi nake nema, ya Duktur. Amma kai a ɗaki ɗaya kake nemansa, alhali benen hawa goma ne."

"To su hawo su same mu."

"Da wane lif?"

Sun ɗauki shekaru suna wannan kafin aka canja abu biyu. Na farko, wanda bai iya nota ba zai iya kawo muryarsa a naɗe, in an zaɓe shi a haɗa shi da mai rubuta masa, amma suna nasa ne. Na biyu, a riƙa cire sunaye kafin kwamiti ya saurara, don kada a ce tausayi ne ya zaɓi wani. Wannan na biyun shawarar Duktur ce. Kawu yana yabonsa a kanta a ko'ina, ban da a gabansa.

Daga nan sai Kawu ya zama ɗan hanya. Ya ce tunda sanarwa ba ta da ƙafa, shi zai ara mata nasa. Ya shiga ƙananan motocin haya ya bi bukukuwan Nubawa, ya zauna a bayan cocin mutanen Eritrea yana jin mawaƙansu, ya ci abinci a shagunan 'yan Sham yana tambayar wa ya tsara abin da ke tashi a rediyonsu. In wurin mata ne sai ya aiko a kira ni. "Uwata, yalla, taso, zo ki zama kunnena a cikin mata." Haka na riƙa rufe littafin fiƙihu ina bin dattijo gidajen biki, ina komawa waje ina rera masa abin da na ji da muryata mai kama da ƙofar da ba a sa wa mai ba. Ya kan saurara da haƙuri, ya ce, "Tamam, ya yi. Na gane abin da take nufi duk da ke."

Ba kullum yake dacewa ba. Wata shekara ya dage sai an ba wani saurayi da ya ce yana da sabon tunani. Sabon tunanin ya zama makaɗa su ajiye kayan kiɗa su yi ta jan kujeru a kan daɓe. Duktur kallon Kawu kawai ya yi ta yi har aka tashi. A hanyar gida, da muka sauka daga mota, Kawu ya ce, "To, mun ji shi, alhamdu lillahi. Ba sai mun sake ba."

Matan nan da suka cika mana matakala, yawancinsu ta hannunsa suka shiga. Biyu daga cikinsu na fi sani. Ɗaya 'yar Sham ce, mai kaɗa ud, molon Larabawa, wadda aka zaɓa tana da jaririya kuma ba mai riƙe mata. Ta zo ta ce za ta haƙura da aikin. Kawu ya ce ta kawo 'yar. Duk lokacin gwajin kiɗa sai ka gan shi a barandar ofis yana kai da kawo da jaririya a kafaɗa, tana jan jelar rawaninsa tana tsotsa, shi kuma yana yi mata waƙar raino da Hausar kakanninsa. Ɗayar kuwa Basa'idiya ce, daga can kudancin Masar, ita ce mai baƙin akwatin da ya tsorata maƙwabciyarmu, don babbar kamanja take kaɗawa, irin wadda ake tsayarwa tsakanin gwiwoyi. Mahaifinta ya rantse 'yarsa ba za ta hau dandali ba. Kawu ya hau jirgin ƙasa ya tafi ƙauyensu ya sauka a gidan. Bai yi maganar kiɗa ba, ya dai zauna yana shan shayi yana yabon gonar mutumin, gari ya waye ya sake zama. Basa'ide kuwa ba ya korar baƙo. Da mai gidan ya ga sukarinsa na neman ƙarewa, da kansa ya ce, "Ya Hajj, faɗi abin da ya kawo ka, na yarda."

Duk wannan yawo da yake yi, akwai wadda bai ji ba, kuma a gidansa take.

Inna ba ta zama ta ce za ta yi waƙa. In ka ce ta rera maka abu, sai ta ce ita ba ta san komai ba, kuma da gaske take. Waƙarta a turmi take. Kullum bayan la'asar takan fita baranda da ɗan kurfotinta ta soya wa Kawu ɗanyar gahawa, ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin, ta zuba a ɗan turminta da citta ta fara daka. Da taɓarya ta kama sauti sai wata murya ta fara fita ta hancinta, ba kalmomi, tana hawa tana sauka a kan bugun turmin. Daka na ƙarewa waƙa ta ƙare. Mu duk mun saba da abin har ba ma jinsa.

Wata Juma'a muna cin abinci, ni da su da Yaya, babbar 'yarsu, Kawu yana ba da labarin taron kwamiti cike da jin daɗi, wai bana an zaɓi mata fiye da kowace shekara. Ya gama ya waiwaya kamar yadda ya saba ya ce, "To, wa ba mu ji ba?"

Inna ta ce, "Ni."

Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce, "Waƙar nan da ka kaɗa wa mawaƙin nan mai gwaɓin murya a Omdurman, aka rubuta a faifai wai ta gargajiya ce, wace gargajiyar? A barandar gidan uwarka na daka ta. Da wadda ake yi wa amare har yanzu. Ka zagaye Alƙahira kana neman mata masu kiɗa, ka bar wadda ke dafa maka gahawa."

Kawu ya ajiye lomarsa. Can ya ce, "Gaskiyarki, Hajja. Amma ina cikin kwamiti. In matata ta nema, duk abin da na gina za a ce don gidana na yi."

"To ka fita."

"In fita in bar wa Duktur fili?"

Inna ta tashi ta kwashe kwanuka. Washegari bayan la'asar ta kawo masa ruwan zafi a kofi da gwangwanin gahawar kanti da cokali, ta ajiye ta koma. Haka jibi, haka gata. Kawu ya yi ta maza na ɗan lokaci, yana kurɓa yana cewa ai wannan ma ba laifi, fuskarsa kuwa kamar mai shan maganin zazzaɓi. Ya aika Yaya ta ba da haƙuri, aka koro ta. Ya aika ni a matsayin uwar miji, Inna ta ce in gaya wa ɗana ita ba fushi take ba, hannunta ne ke ciwo. Ranar da ya sa babbar jallabiyarsa ya tafi Wustul Balad ya ajiye kujerar, ya dawo ya tsaya a bakin kicin ya ce, "Khalas, shi ke nan, na fita. Kujera ce, ba aljanna ba." Da la'asar ɗin nan muka ji turmi.

A wayar Yaya aka naɗi muryarta tana daka, aka miƙa ba suna kamar na kowa. Da sakamako ya fito aka buɗe sunaye, Duktur da kansa ya bugo waya. Ya ce shi ya fara ɗaga hannu a kan wannan murya, kuma da ya san matar wace ce da ya ɗan ja rai. Kawu ya yi kwanaki yana ba da wannan labari ga duk wanda ya tsaya, har mai gadi.

Sai aiki ya fara, gidan ya koma filin daga. Kawu ya kan zauna a kan kujerar roba a bakin baranda, takarda a cinya, ya zaro fensir daga rawani. Fensirorinsa da reza yake fiƙe su, kuma ba ya yar da guntu, akwai gwangwani guda cike da su. Inna ta fara daka, murya ta taso, shi yana bi da rubutu. Da ta yi masa nisa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya, Hajja." Ta tsaya da taɓarya a sama tana harararsa har ya gama, ya ce ta ci gaba.

"Jiya ba haka kika yi nan ba," in ji shi.

"Jiya gahawar Habasha ce. Wannan ta Yaman ce, ta fi tauri."

"To wacce zan rubuta?"

"Wadda ka fi sha."

Mun sha gahawa a watannin nan har maƙwabta suka fara gudunmu, don ba a daka a zubar. A haka suka gama kashi uku. Na huɗu sun fara shi ya fi a ƙirga, amma akwai wata kwana a cikinsa inda muryar Inna ke zamewa ta bi tsakanin sautuka biyu, fensirin Kawu ya kasa kama ta. Kullum a daidai nan yake cewa ta tsaya, ya rubuta, ya goge, ya sosa ƙeya, ya ce gobe. Wata Talata ya dawo daga sallar azahar ya ce zai ɗan kishingiɗa kafin gahawa. Inna ta hura gawayi ta je tashinsa, ta tarar ya riga ya tafi, fensirin yana jikin rawaninsa a gefen matashi.

Ranar ta kife turmin a ƙarƙashin gado. Duk zaman makoki shayi aka yi ta ba mutane.

Bayan an watse Duktur ya zo. Ya zauna a falo, Inna tana ciki, Yaya na tsaye a bakin ƙofa tana kai magana. Ya rame, kuma da ya ga kujerar roba a baranda sai da ya cire tabarau ya goge. Ya ce ya roƙi a ɗaga wa'adi, amma an riga an kama zaure an biya makaɗa, abin ya fi ƙarfinsa. Ya ce yana da ɗalibi mai hazaƙa da zai iya duba kashi ukun ya ƙarasa na huɗu a kan salonsu, a rubuta sunayensu su biyu. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, kowa ya san haka. Inna ta ce a gaya masa ta gode, amma ta gaji da raba waƙarta da maza, in nata bai cika ba a ba wani wurin. Muka roƙe ta ta rera mana ko a waya ne. Ta gwada don ta faranta mana, ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Na fita baranda na yi kuka, don na ga abin da ta jira tsawon rayuwarta zai wuce ta tana zaune a tabarma.

Ana saura kwanaki kaɗan wa'adi ya cika matan nan suka dawo, su wajen shida, wannan karon ba akwatuna. Suka ce gaisuwa suka sake zuwa yi. Sun kawo sukari da citta da ƙullin ɗanyar gahawa, kamar yadda ake kai wa gidan rasuwa. Ba wadda ta ambaci kiɗa. Suka zauna da Inna suna ba ta labarin Kawu, 'yar Sham ta nuna mata yarinyar da ta tsotsi rawani, ga ta har ta shiga makaranta. Can sai Basa'idiya ta miƙe ta ce ita kanta ke ciwo, bari ta dafa musu gahawa. Ta fita baranda ta hura gawayi ta ɗora kasko.

Har yau tana rantsuwa ba da gangan ta yi ba. Ni dai na ga ta bar cokali tana kallon ƙofar ɗakin Inna, wake yana baƙi, hayaƙi mai ɗaci yana shiga gida. Inna ta motsa hanci. Ta daure, ta gyara zama, ta sake daurewa. Sannan ta ce, "Wace ce ke kashe min gahawa a gida?" Ta tashi ta fita, ta karɓe kaskon ta juye a shara, ta ce wa Basa'idiya, "Ya bitti, 'yata, ke dai ki tsaya a kan gogenki." Ta ɗebi sabo ta soya, ta zagaya da shi muka shaƙa. Ta ce Yaya ta ɗauko mata turmi.

Da taɓarya ta kama sauti, muryar ta fito. Ba na jin ita kanta ta san ta fito. Yaya ta lallaɓa ta ɗauko gwangwanin Kawu ta ajiye a tsakiyar tabarma, matan nan kowace ta ɗauki guntun fensir ta zaro takarda daga jaka, suka sunkuyar da kai. Mutum shida suna rubuta abin da mutum ɗaya ya yi ta fama da shi. Inna ta bi waƙar har ta iso kwanar nan, muryar ta zame, sai ta tsaya cak da taɓarya a sama. Ba wanda ya ce ta tsaya. Muka yi shiru muna jira.

Ta ce, "Nan yake cewa in tsaya."

A nan ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar Talatar nan, mu ma muka taya ta. Da ta gama ta share ido da gefen mayafi, ta ce gahawa za ta huce, ta ci gaba da daka har ƙarshen waƙar. Kwanar da ta gagari Kawu, 'yar Sham ce ta kama ta, don ta ce a kan ud irin wannan zamiya abincinsu ne. Suka haɗa takardunsu suka yi ta gardama kamar shi da Duktur, suka dawo washegari da jibi, muka sake shan gahawa har muka ƙoshi. Shirun nan ma sun rubuta shi a cikin kiɗan. Da suka tambayi Inna tsawonsa, ta ce ita ba ta sani ba, ya danganta da saurin hannunsa a ranar. Sai suka bar shi ba adadi. Aka miƙa aikin cikakke kafin wa'adi ya cika.

Tsohuwar maƙwabciyarmu ta hawo ta ce ita ba ta taɓa jin mai takaba na waƙa ba. Inna ta ce, "Ni gahawa nake daka wa baƙina. Ga malama nan, tambaye ta." Na ce ni dai duk karatuna ban ga inda aka hana mai takaba daka a cikin gidanta ba. Tsohuwar ta karɓi kofi ta zauna.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci kamar yadda ya yalwata wa mutane wurin zama. Ya ciyar da wanda bai ci ba, ya saurari wanda ba a ji ba, Allah ya saurare shi ranar da kowa ke neman a ji shi. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen.

Fitar Inna ta farko bayan takaba, zauren nan na Wustul Balad muka kai ta. Ɗan ƙarami ne, amma ya cika, har da mai gadi cikin sabuwar jallabiya da wasu ɗalibanmu da suka ce rakiya kawai suka yi. A takardar shiri ga sunanta nan cikakke, da na mahaifinta, ita kaɗai a layin. Ta sa na karanta mata, ta ce in sake, sannan ta riƙe takardar a cinya ba ta ƙara saki ba. A kan dandali akwai kamanja, da sarewa, da 'yar Sham da ud ɗinta, da Basa'idiya da babban gogenta, sai Yaya a ƙasa a kan tabarma da turmin uwarta, tana daka gahawa ta gaske har ƙanshi ya cika zauren.

A kashi na huɗu suka iso kwanar nan, sauti ya zame, komai ya tsaya. Taɓarya tana sama. Wani a baya ya ɗauka an gama ya fara tafi, Duktur ya ɗaga hannu daga sahun gaba, mutumin ya bari. Shirun ya yi tsawo. Makaɗan duka suka juyo suna kallon Inna, don ita kaɗai ta san lokacin. Ita kuwa ba su take kallo ba, gefenta take kallo, ƙasa kaɗan, daidai inda takarda kan kasance a cinyar mai zaune a kujerar roba. Ta jira, ta ɗan harari wurin kamar yadda ta saba. Sannan ta gyaɗa kai ta ce da Hausa, a hankali, amma duk zauren ya ji:

"Ya gama. Ku ci gaba."